ZANEN MAJAMI'AR WUSASA DA TARIHIN DA KE CIKINSA

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma gani iri biyu ne. Akwai ganin mai wucewa, wanda zai ɗaga kai ya ga bango da itace ya yi gaba abinsa. Akwai kuma ganin mai lura, wanda in ya ga bango sai ya tambayi wanda ya kwaɓa ƙasarsa, in ya ga itace ya tambayi wanda ya dasa shi. Mu da aikinmu koya wa yara tarihi ne mun daɗe da lura da cewa yaro ya kan hardace sunayen sarakunan Zazzau tun daga Malam Musa har zuwa na yau, amma in ka tsai da shi gaban tsohon soro ka ce ya faɗi abin da ya gani, sai ya yi tsuru-tsuru. Saboda haka a wannan mako muna so mu ɗauki zane guda ɗaya mu karanta shi tare da ku, kamar yadda a ke karanta takarda, mu ga ko launi da inuwa za su faɗa mana abin da littattafai suka taƙaita.

Zanen da mu ke nufi na fentin ruwa ne, girmansa bai wuce allon almajiri ba. Aikin wani ɗalibi ne na sashen koyon zane a jami'ar Samaru, yana rataye a falon wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a Sabon Gari. Abin da aka zana kuwa shi ne majami'ar Wusasa, watau tsohuwar cocin nan ta ginin ƙasa da ke yamma da birnin Zariya, wadda a ke kira da sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajiran Almasihu goma sha biyu. Watakila wani mai karatu ya ce, ina ruwanmu da hoton coci? To, mai neman tarihin garinsu ba ya tsallake gida don ba na danginsa ba ne. Ƙasar da aka gina ɗakin nan ta Zazzau ce, hannuwan da suka ɗora tubalinsa na 'yan ƙasa ne, harshen da a ke addu'a da shi a ciki kuma shi ne wannan da mu ke rubutu da shi.

Yadda A Ke Karanta Zane

Zanen karkara hawa uku gare shi: gaba, da tsakiya, da baya. A gaban wannan zane akwai 'yar turba ta ƙafa, ta ratso ta cikin gonar da aka girbe, karan dawa a kwance, ciyawa ta yi fari-fari. Daga nan ka san kaka ta wuce, hunturu ya shigo. A tsakiya ga ginin, jajaye-jajayen bangaye masu kauri, itatuwa sun rufe rabinsa. A baya ga dutse, mai zanen ya yi shi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi, domin haka ido ke ganin abin da ke nesa in hazo ya sauka. Sama kuwa ta ci fiye da rabin takardar, ba gajimare ko ɗaya, sai fari-fari mai ɗan jan ƙura. Inuwar itatuwan ta miƙe doguwa wajen gabas, watau la'asar ce sakaliya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne wannan: launin da ya shafa a bangon majami'ar shi ne dai launin da ya shafa a turbar da gonar, bai sāke kwaɓi ba. In ka runtse ido kaɗan sai ka ga kamar ƙasar ce ta tattaru ta miƙe tsaye. Mai zanen bai yi ƙarya ba, gama ginin daga ƙasar wurin ya fito. Duk tarihin da za mu faɗa yana rataye ga wannan launi ɗaya. Bari mu bi zanen daga baya zuwa gaba, domin haka shekarunsa suka jeru, na baya ya girmi na gaba.

Dutsen da Ke Baya

Duwatsun da Wusasa ke zaune a gindinsu maƙwabtan Kufena ne, Kufena kuwa ta girmi birnin Zariya da mu ka sani. Masu ba da labarin dā sun ce gadon sarautar Zazzau a Turunku ya ke, sa'an nan aka taso zuwa Kufena a zamanin Bakwa Turunku, cikin ƙarni na 16, kafin a sauko a kafa birni a fili. Mutanen dā sun zaɓi gindin dutse saboda tsaro da ruwa, har yau kuma mai yawo a wurin ya kan tarad da kufai da alamun tsohuwar ganuwa. Watau ke nan sa'ad da 'yan Mishan suka zo Wusasa ba a kan sabuwar ƙasa suka sauka ba, sun zauna ne inda waɗansu suka zauna suka tashi tun ɗaruruwan shekaru. Da mai zanen ya sa dutsen ya fi ginin girma nesa ba kusa ba, ya ba kowa matsayinsa ke nan.

Ginin da Ke Tsakiya

A cikin shekara ta 1900 wata ƙungiya ta 'yan Mishan na C.M.S. ta taso daga Ikko, shugabanta Bishop Tugwel, cikinsu har da wani saurayin likita, Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da Likita Mila. Kafin ya zo ya riga ya zauna a Tarabulus ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke can. Nufinsu Kano, suka kuwa isa, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ce su koma inda suka fito. Suka juyo suka yi zango a Girku, ta ƙasar Zazzau. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Likita Mila ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Zaman nan bai zama na kwanciyar rai ba ga kowane ɓangare. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari cewa Turawa ba za su taɓa addini ba, saboda haka zaman Mishan a tsakiyar birnin Musulmi ya zama ƙaya a ƙafar Razdan da ta Sarki duka. Aka yi shekaru ana kai da kawowa, har a 1929, zamanin Sarki Ibrahim, Mishan ta fita daga birni ta koma Wusasa. Wanda ya tsaya kan aikin ƙaurar shi ne wani matashin limamin Kirista, Guy Bullen, wanda daga baya aka naɗa shi bishop a Sudan, ya rasu can cikin haɗarin jirgin sama a 1937. A sabon wurin aka kafa makaranta, da asibiti, da wannan majami'a.

To, nan ne abin lura ya ke. Mutanen da suka zo daga Ingila sun san irin cocin ƙasarsu, na dutse, mai doguwar hasumiya mai tsini. Da sun so da sun sa an kwaikwayo shi da bulo da kwano. Sai aka kira magina 'yan ƙasa, aka ce su gina kamar yadda suka iya. Abin da suka iya kuwa ba ƙarami ba ne, gama Zazzau gidan gini ce. A nan Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Jumma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ginin da masanan duniya suka sallama cewa yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi da ƙasa a Afirka ta Yamma.

Bari mu ɗan tsaya a kan sana'ar, domin yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin ana yin ta ba. Za a haƙo ƙasa mai danƙo, a jiƙa ta, a tattake da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa. A dunƙula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai tsukakke, a shanya a rana. Magini ya jera su, tsinin na duban sama, yana cika tsakani da kwaɓi, bangon na da kauri a ƙasa yana raguwa yayin da ya ke hawa. Wuyar aikin a rufi ta ke. Azara, wadda a ke tsagowa daga gangar giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Yaya za a rufe babban ɗaki da guntun itace? Sai gwanaye suka ƙago dabara: a dasa azara cikin bango ta ɗan leƙo, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, a yaɓe da ƙasa, a jira ta bushe, a ƙara wata, ta wannan gefe da wancan, har su gamu a tsakiya kamar hannuwa biyu masu gaisawa. Wannan shi a ke kira bakan gizo. A waje kuma a shafe da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Da wannan ilmi aka rufe masallaci, da shi aka rufe zaurukan fada, da shi kuma aka rufe majami'ar Wusasa. Ƙasa ba ta tambayi magini wanda zai yi sujada a ƙarƙashinta ba. Amfaninta kuwa kowa ya sani: da rana ɗaki ya yi sanyi, da daren hunturu ya yi ɗumi.

Gwada wannan da Sabon Gari, inda zanen ke rataye. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ya kawo akawuna da masassaƙa da maƙera da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Hukuma ta yanka musu wuri a wajen ganuwa, kusa da tasha. Su ma suka gina nasu majami'u, amma kowa da irin na garinsu ya zo, da harshen garinsu, rufin kwano da jirgi ya ɗauko daga bakin teku. Ba laifi ba ne, baƙo da guzurinsa ya ke tafe. Amma mai zanen da zai zana cocin Sabon Gari dole ya sāke kwaɓi, launin bango daban, launin ƙasa daban. Bambancin jama'ar biyu ke nan a taƙaice: waɗancan baƙi ne da aiki ya kawo, na Wusasa kuwa yawancinsu Hausawa ne da Fulani da sauran 'yan Arewa.

Turbar da Ke Gaba

Mai zanen bai sa mutum ko ɗaya a kan turbar ba, amma mu mun san waɗanda suka taka irinta. Daga Wusasa Likita Barau Dikko ya fito, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila ya zama likita na farko ɗan Arewa, ya kuma shiga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Da sunansa a ke kiran babban asibitin nan na Kaduna. A nan Yakubu Gowon ya girma ya yi makaranta, ubansa na aikin wa'azi, kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. A nan Ishaya Audu ya yi karatun ƙuruciya, wanda a cikin waɗannan shekaru dai ya riƙe jami'ar Samaru, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. Daga nan kuma John Tafida ya fito, wanda ya haɗa hannu da Dokta East suka rubuta Jiki Magayi a shekarun 1930, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe. Likita Mila kansa, wanda ya rasu a 1952, shi ne jigon aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Ƙaramin ƙauye, ga shi ya ba ƙasa likita, da shugaba, da malami, da marubuci.

Hannun da Ya Zana

Saura mu tambaya, shi wannan ɗalibi daga ina ya samo dabarar zana karkara? Kakanninmu sun iya zane ƙwarai, amma nasu zayyana ce: dagi a bangon soro, aska takwas a wuyan riga, ado a gefen Alƙur'ani da fuskar ƙwarya. Zama a gaban fili a kwafo shi yadda ido ya gan shi, na kusa ya yi girma na nesa ya ƙanƙance, wannan daga Turai ya zo.

A can kuwa cocin ƙauye tsohon abokin masu zane ne. John Constable na Ingila, wanda aka haifa a 1776 ya rasu a 1837, ɗan mai injin niƙa ne, ya yi ta zana kwarin da ya girma a ciki, hasumiyar cocin Dedham na leƙowa daga bayan itatuwa a zane bayan zane. Ya kan zauna ya zana gajimare kaɗai, ya rubuta a bayan takarda ranar da sa'ar da inda iska ke kaɗawa. A 1831 ya nuna zanensa na babbar majami'ar Salisbury, hadari ya taso, bakan gizo ya lanƙwaso a kanta. Dubi ikon harshe: abin da Bature ya zana a sama da cocinsa, da sunansa maginin Zazzau ya kira abin da ya ɗaure a cikin namu. A Faransa Millet ya zana manoma biyu, namiji da mace, sun tsai da aiki a gonar dankali sun sunkuyar da kai, cocin can nesa a bakin sama bai fi tsinke ba. Van Gogh, mutumin Holan, ya zana cocin ƙauyen Auvers a 1890, makonni kaɗan kafin mutuwarsa, bangaye na karkaɗawa kamar za su narke. Dukansu uku coci suka zana, amma na farko ƙaunar gida ya nuna, na biyu gajiyar talaka da tawali'unsa, na uku damuwar zuciyarsa.

Wannan sana'a ta iso mu ta Samaru. Wurin ya fara suna ne da gonar gwajin noma da aka kafa a shekarun 1920. Daga baya aka gina kwalejin fasaha da kimiyya, a 1955 kuma aka ɗauko sashen zane daga Ibadan aka kawo shi nan. Malaman yawancinsu Turawa ne, suna koyarwa yadda a ke yi a Landan. A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Tawayensu na buroshi ne. Abin da suka ce shi ne, a karɓi dabarar baƙo, amma a haɗa ta da gadon gida har su zama abu ɗaya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, kwalejin kuma ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma ra'ayin ya bazu ko'ina cikin Nijeriya. Demas Nwoko ya koma gini, ya tsara wa limaman Katolika ɗakin sujada a Ibadan bisa wannan ra'ayi, har a 2023 aka ba shi babbar lambar girma ta magina a birnin Banis na Italiya.

To, jama'a, ku duba. Abin da samarin nan suka yi shela a kansa a 1958, maginan Wusasa sun riga sun aikata shi da ƙasa da azara tun kusan shekara talatin kafin nan, mil kaɗan daga ajinsu, ba tare da sun ba shi suna ba. Buƙatar baƙo ce, hannun gida ya biya ta. Shi kuma ɗalibin da ya zo daga baya ya juya al'amarin: ya ɗauki dabarar baƙo ya zana aikin gida. Shi ya sa mu ka ce zanen nan ya cancanci a tsaya a gabansa.

Abin da Mu Ke Tsoro

Ginin ƙasa kamar dabba ya ke, sai da kiwo. In aka yi damina biyu uku ba a yi yaɓe ba, ruwa ya sami hanya, sai bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Yau siminti da kwano sun cinye unguwanni, 'ya'yan magina sun koma wasu sana'o'i, masu iya ɗaura baka sun zama 'yan ƙalilan. Masallacin Babban Gwani kansa, a shekarun 1970 aka gina sabo aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a cikinsa. Mai son ganin siffarsa ta dā sai ya tafi gidan tarihi na Jos inda aka gina kwatancinsa.

Akwai kuma abin da ya fi ruwan sama saurin rushe gini. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a kwalejin Kafanchan ya bazu har Zariya, aka ƙone wuraren ibada, aka yi hasarar rayuka, maƙwabta suka shiga duban juna da wani ido. Wanda ya san cewa sana'a ɗaya ce ta rufe masallacin kakansa da majami'ar maƙwabcinsa, hannunsa zai yi nauyi wajen ɗaukar ashana. Wannan darasi ne da ba mu iya koyar da shi da alli kaɗai.

Saboda haka muna da roƙo uku. Ga 'yan'uwanmu malaman makaranta: ku fitar da yara daga aji ko sau ɗaya a zango, ku kai su Kufena da Wusasa da unguwar Babban Gwani, ku ba su takarda da fensir, ku ce su zana abin da suka gani. Kada a ji tsoro, malamai da yawa ba su ga laifin zanen dutse da itace da gini ba. Ga masu zane na Samaru: tsofaffin soraye na faɗuwa kowace damina, ku riga ruwa isa gare su, ku kuma rubuta rana da wuri a bayan takarda yadda Constable ya yi, domin zanen yau shi ne shaidar gobe. Ga masu hali da masu mulki kuwa: in za a gyara tsohon gini, a nemi tsohon magini tun yana da sauran ƙarfi, a haɗa shi da yara su koya, gama azara ɗaya ba ta yin baka.

Allah ya ba mu idon lura, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.